Roƙon Tauraro Ɗaya

Idan ana lissafin ni'imomin da Allah ya yi wa garin nan, bai kamata a gama yatsun hannu ɗaya ba a ambaci Kunnen Zinariya ba. Sauran mutane an ba su kunne ne don su ji sallama da hon ɗin mota. Shi nasa kunnuwan kuwa, aiki aka turo su su yi a duniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya jira shekara da shekaru wani ya raɗa masa, ya ga mutane ba su da niyya, shi kuma ba ya son ya bar su cikin kunya. A bayan idonsa ana ce masa Mai Rabon Taurari. Marasa tarbiyya kuma, waɗanda ba a rasa su a kowace unguwa, su ce Alƙalin Ƙara.

Sana'arsa sharhi. A shafin baya na mujallar mako-mako, ƙasan tallan katifa, yana da fili kamar tafin hannu, a nan yake yanke wa sababbin faya-fayan kiɗa hukunci. Ba na manyan mawaƙan da ake ji a rediyo ba, Allah ya kiyaye, waɗannan ya bar wa masu ƙananan kunnuwa. Nasa su ne masu cin gashin kansu, waɗanda ke naɗar kiɗa a ɗakin kwana bayan sun toshe taga da bargo, da masu gwaje-gwajen sauti, irin wanda zai ajiye makirufo gaban fanka, ya tafi kasuwa ya dawo, ya ce ya gama faifai. Kowane faifai layi uku ko huɗu yake samu, sai taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Shi ya ce taƙaitawa ita ce alamar gwaninta. Edita ya ce tallan katifa ne ba ya matsawa.

Ga ɗanɗano, don wanda bai taɓa dacewa ba. A kan wani saurayi da ya naɗi ɗigar famfo, ya rubuta: "Wannan ba kiɗa ba ne, tambaya ce da shiru ya yi wa kansa, bai kuma jira amsa ba. Wanda ya gaji tun a farko, ya binciki zuciyarsa. Taurari biyar." A kan wata baiwar Allah mai jita da murya kamar ruwan sanyi kuwa: "Ana iya gyaɗa kai. An ma ga wasu suna taka ƙafa. Muna yi wa iyalanta jaje. Tauraro ɗaya."

Kada a ɗauka da ka yake hukunci. Yana da ma'auni. Ya mayar da siton da ke kusa da kicin ɗakin sauraro, ya manne kwalayen ƙwai a bango har rufi, ya kafa lasifika biyu, kowace ta kai akwatin amarya. In zai saurari faifai, sai ya cire agogo, ya jingina, ya rufe ido. Ɗaya dai. Ɗayan yana kan ƙofar da yake bari a ɗan buɗe, ta inda ake hango falo. Idan maiɗakinsa ta ci gaba da aikinta ba ta ce uffan ba, taurari uku. Idan ta yafa mayafi ta tafi duba ƙanwarta da ba ta ciwon komai, huɗu. Idan maƙwabci ya fara dukan bango da takalmi, biyar ne babu ragi. Amma duk ranar da ya ga kan matar nan ya motsa daidai da kiɗa, to faifan ya riga mu gidan gaskiya, sai dai a bi shi da addu'a.

"Ku gane," in ji shi ga duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a mota, "kiɗan da kowa ya fahimta ba kiɗa ba ne, gaisuwa ce. Ni ba da kunnen yau nake sauraro ba, da kunnen jikokinku nake ji. Abin da kuke toshe kunne a kansa yanzu, wata rana za a koyar da shi a jami'a, a ce wane ne ya fara gano shi. Ba na son in faɗi sunan wanen."

Gaskiya kuma ɗaya ce, ana karanta shi. Mai aski yana yanke shafin ya manna a jikin madubi. Direbobin tasi suna aron juna. Masu sa kiɗa a wurin biki ba sa bari mako ya wuce ba su duba ba. Edita ya sha gaya masa cewa filinsa ya fi labarin ƙwallo farin jini, shi kuma sai ya sunkuyar da kai cikin tawali'un da ya daɗe yana koyo a gaban madubi. Abin da ba wanda ya ga amfanin sanar da shi, shi ne daga ƙasa ake karanta filin. Tauraro ɗaya ake nema. Duk abin da ya yi wa jaje, kafin la'asar ya cika wayoyin gari. Wanda ya ba biyar kuwa, kujeru ne kaɗai ke zuwa wasansa, su ma don an ɗauko su. Mai ɗigar famfo yanzu facin taya yake a bakin titi, an ce har ya yi ƙiba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Cikin waɗanda albarkarsa ta taɓa faɗa wa a ka, akwai wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙanwa. Ƙanwar tela ce, ana ce mata Mai Keke, don da keken ɗinki take kiɗa. Takan sa masa makirufo, ta taka, ta riƙa sauya gudu tana ɗora murya a kai. Wan mai gyaran firiji ne, shi ke dukan bokitai da ya jera bisa girma, ya zuba wa kowanne ruwa daidai da sautin da yake so. Faifansu na farko ya ci taurari biyar. Ranar ƙaddamarwa, ɗakin taron unguwa ya ɗauki su biyun, da mai gadi, da Kunnen Zinariya kansa, wanda ya fita ana tsaka da wasa don, in ji shi, ya riga ya fahimta. Mahaifiyarsu aikowa ta yi cewa ƙafa ta matsa mata.

Yanzu sun gama faifai na biyu. Mai kula da ɗakin taro ya sake ba su rana bayan dogon roƙo, ya kuma ce wannan ce ta ƙarshe, shi ba ya kunna fitila don kujeru su gani. Wan ma ya kafa tasa rantsuwar.

"Auta, ki ji ni da kyau. In na sake yi wa kujeru kiɗa, bokitan nan banɗaki za su koma, ke kuma ki koma ɗinkin labule. Furfura ta fara fito mini, ba zan tsufa ana nuna ni da baki ba."

Mai Keke ta san yayanta, ba ya rantsuwa sau biyu. Ita kuma kiɗan nan shi ne abu ɗaya da take ɗinkawa ba wanda ya auna mata. Don haka suka ɓoye faifan kamar cikin fari, suka hana a aika wa mujallar ko da hoton bangonsa. Amma kana naka, Allah yana nashi. Wani masoyinsu, irin masoyan da gara maƙiyi da su, ya tura wa Kunnen Zinariya. Ran nan mai gyaran firiji yana durƙushe bayan firijin ofishin mujallar, sai ya ji an tsaya a kansa. Kunnen Zinariya ne.

"Kai ne na bokiti ko? Albishirinka. Na saurari rabin sabon faifanku. Tun waƙar farko maiɗakina ta bar gidan, ko murhu ba ta kashe ba. Ina tunanin sa edita ya ƙirƙiro tauraro na shida."

Sukundireba ta suɓuce daga hannun bawan Allah. Ya ce, "Innalillahi." Kunnen Zinariya ya dafa kafaɗarsa, ya ce ba komai, farin ciki haka yake zuwa wa wasu.

Washegari wa da ƙanwa suka yi wanka suka nufi gidansa. An saba zuwa roƙon alƙali ya sassauta, waɗannan sun zo roƙon ya tsananta. Ya karɓe su a ɗakin kwalayen ƙwai, sanye da baƙin tabarau, don ya ce haske yana shiga tsakaninsa da sauti.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Keke, "faifan nan fa bai kai yadda kake zato ba. Gaggawa muka yi. Bokiti na uku ma yoyo yake. Da za ka taimaka ka ba mu ɗaya, ko biyu in ɗayan ya gagara."

"Ko ka manta da mu gaba ɗaya, yallaɓai," in ji wan. "Wallahi ba za mu riƙe ka a zuciya ba."

Kunnen Zinariya ya zare tabarau, ya ɗauke wata ƙwalla da ba wanda ya ga fitowarta.

"Kun gani? Wannan ita ce alamar mai fasaha na gaskiya, ba ya ganin girman kansa. Yoyon bokitin nan da kike faɗa, ƙanwata, shi ne zuciyar faifan. Shi ne kukan ƙarni. Ni na san ku tun ba ku san kanku ba. Ni na haƙo ku, kuma ba zan bari kunya ta mayar da ku rami ba. Ku je ku kwantar da hankalinku. Zan rubuta abin da zai sa garin nan ya yi tsit."

"Shi muke tsoro," in ji wan can ƙasan maƙoshi.

Suna fitowa, matar gidan tana shanya a baranda. Ta ji komai, don kwalin ƙwai bai taɓa tare sauti ba, ƙura kawai yake tarawa. Ta yafito Mai Keke da hannu.

"Ke ce mai keken nan da ya hana ni zaman gidana?"

"Ni ce, Anti. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri na cinye shi tun ina amarya. Matso nan, ƙanwata. Ɓatan kai kuka yi, ba a ɗakin can ake raba taurari ba."

Nan ta warware mata ma'aunin, tana matse riga tana magana. Ta daɗe da gane idon nan ɗaya da ke leƙo ta. Kuma ita ma tana da nata ciwon a ciki, don duk faifan da ya ci biyar sai an yi mako ana kunna shi safe da yamma, ana gayyato baƙi su ji, har ƙanwarta ta fara tambaya ko lafiya suke da maigidan. Ta ce ta sha gwada gyaɗa kai na ƙarya don a huta, amma ina mutum zai gyaɗa wa ɗigar famfo? Nan take yake gane ta.

"Sai abin da zan iya rairawa. Tsakaninki da Allah, akwai wani abu a faifan nan naku da ɗan Adam zai iya rairawa?"

Mai Keke ta waiga hagu da dama, ta sunkuyar da kai. Akwai. A waƙar ƙarshe akwai wani ɗan amshi da take yi wa kanta in tana ɗinki, ta sa shi a faifan, sannan kunya ta kama ta, ta binne shi ƙarƙashin ƙarar keke da bokitai. Don a cikin masu gwajin sauti, gara a kama ka da kayan sata da a kama ka da waƙa mai daɗi. Ta raira shi a hankali, tana fakewa bayan zanin gado da aka shanya. Matar gidan ta saurara, ta maimaita, ta sake maimaitawa, sai ga kafaɗarta tana motsi ba ta sani ba.

"Au! Kuna da wannan kuka binne? Allah ya shirye ku. Je ki, ki bar mini sauran."

Da ta gama shanya, ba ɗaki ta koma ba. Gidan maƙwabci ta shiga.

Ranar hukunci ta zo. Kunnen Zinariya ya cire agogo, ya jingina, ya rufe ido ɗaya, ya kunna rabin da ya rage. Ya ma riga ya tsara jimlar farko a ransa, wadda za ta ce garin nan bai cancanci wannan faifai ba. Keke ya fara ruri, bokitai suka amsa. Ya leƙa falo. Matar tana nan tana guga, ta cije leɓe, ba ta ko kalli mayafi ba. Ya ƙara murya. Ta juya hannun riga ta ci gaba. Ya ce a ransa wataƙila mura ce ta toshe mata kunne.

Sai waƙar ƙarshe ta shigo.

Da fari ya ɗauka sauro ne. Ya buɗe ido na biyu, abin da bai taɓa yi a bakin aiki ba. Maiɗakinsa ce, uwar 'ya'yansa, take bin faifan da murya, dutsen guga yana tafiya yana dawowa daidai da bokiti. Kai yana gyaɗawa. Ƙafa tana takawa. Yana cikin wannan musiba sai ya ji bugu a bango. Ransa ya dawo, ya ɗaga alƙalami, ya ce ashe da sauran masu hankali a duniya. Sai ya lura bugun ma a kan kiɗa yake sauka. Daga bayan bango aka ɗaga murya.

"Maƙwabci! Don girman Allah ƙara mana sauti!"

Matar ta leƙo ta ƙofa, fuskarta fal annuri.

"Baban yara, waɗannan su wane ne? Ka tura mini a waya mana."

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ci masa mutunci irin na ranar ba. Ya kashe lasifika, ya zauna cikin kwalayen ƙwai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ko abincin rana bai ci ba, sai da aka ɗumama masa.

Ƙarshen mako sharhi ya fito ƙasan tallan katifa: "Mun zaci zinariya muka haƙo, ashe murfin kwalba ne. Mai keke ta bi kasuwa, mai bokiti ya bi ta da ruwansa. Ana iya raira waƙar ƙarshe ana guga, mun gani da idonmu, duka biyun. Tauraro ɗaya, shi ma don zumunci."

Mai gyaran firiji ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune, ya rungume ƙanwarsa har ta ce zai karya ta. Ƙafar mahaifiyarsu ta warke a ranar ba tare da magani ba.

Ranar wasa, tun la'asar ɗakin taro ya cika. Mai gadi ya aro bencina daga makarantar da ke kallon wurin, su ma suka cika. Kunnen Zinariya ya zo, ba don komai ba sai don ya shaida jana'iza. Ya naɗa gyale a wuya cikin zafin nan, ya tsaya yana jiran a kai shi kujerar gaba. Kujerar gaba tana ƙarƙashin mahaifiyar mawaƙan. Aka bar shi a bakin ƙofa, tsakanin tsintsiya da mai aski.

Abin mamaki, mutane suka zauna suka saurari keken da bokitan tun daga farko, har da mai yoyon. Sun zo da yaƙinin za su ji daɗi, suka kasa kunne, suka kuwa ji. Wani direba ma ya ce ƙarar keken tana tuna masa da ɗakin kakarsa. Da aka kai waƙar ƙarshe, Mai Keke ta sassauta ƙafa, ta bar amshin ya fito fili, ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya. Kunnen Zinariya ya girgiza kai cikin tausayi, ya taɓo mai aski.

"Ka ga abin da na faɗa? Dubi yadda aka cika musu wuri. Dubi tafi. Wannan ita ce faɗuwar da ba a tashi. Da sun ji maganata, da yanzu su kaɗai ne a ɗakin nan tare da tarihi."

"Wallahi yallaɓai ba ka taɓa ba mu kunya ba," in ji mai aski. "Duk wanda ka zaga, in muka je sai mu same shi daidai."

"Aikinmu ke nan," in ji Kunnen Zinariya, ya gyara gyale. "Ba don a gode mana muke yi ba."

Kafin a kwashe bencina mai kula da ɗakin taro ya ba su wata ranar da bakinsa. Bokitai suka tsira daga banɗaki. Sai dai mai gyaran firiji, duk gwanintarsa a kan ƙofar firijin mutane, tasa ƙofar ba ta rufuwa. Ya gaya wa wani mai busa tiyo sirrin, mai busa tiyo ya gaya wa mai naɗar kukan ƙyaure, kafin a ce kwabo duk wani mai toshe taga da bargo a garin ya san inda aka haifi tauraro ɗayan nan.

Wata rana da hantsi, Kunnen Zinariya ya ɗaga labule ya ga layi a ƙofar gidansa har ya sha kwana. Mawaƙa ne, maza da mata, kowa da faifansa, wasu har da 'yan ƙunshi a hannu. Ya ce a ransa, komai daren daɗewa dai gari ya waye. Ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya ɗora baƙin tabarau, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

"Sannu a hankali, 'ya'yana, kowa zai samu hukuncinsa. Na san abin da ya kawo ku. Kun ga yadda alƙalamina ya yi da waɗanda suka kauce hanya, tsoro ya kama ku. Tsoron nan alheri ne. Ni ba na karɓar kyauta, amma ba na wulaƙanta ta. Ku sani, kunnen nan amana ce a wuyana, kuma duk wanda ya kawo mini abin da mutane za su so, ko ɗan cikina ne, sai na faɗi gaskiya."

Suka saurara cikin ladabi har ya kai aya. Na gaban layi, wani mai gemu riƙe da faifai da kwalin turare, ya ɗan rusuna. Kunnen Zinariya ya miƙa hannu. Mai gemu ya mayar da turaren bayansa.

"Allah ya ƙara basira, yallaɓai. Anti tana ciki?"

Daga kicin aka amsa.

"Baban yara, matsa musu su wuce mana, ka tare hanya."